Daga Taipei Zuwa Ƙetare: Tambayoyi da Amsoshi Kan Ɗaliban Taiwan Masu Fita Neman Digiri na Biyu da na Uku

Mutanen tsibirin Taiwan miliyan 23 ne da ɗoriya, amma da wuya ka shiga sashen injiniya na wata babbar jami'a a Amurka ba ka tarar da ɗan can ba, ko a cikin ɗalibai ko a cikin malamai. Ɗan Kano ko ɗan Damagaram da ya fita karatu yakan zauna benci ɗaya da su, ya ɗauka duk 'yan ƙasar Sin ne, sai tafiya ta yi nisa ya gane akwai zance a ƙasa. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansu.

Me ya sa suke fita, alhali suna da jami'o'i masu kyau a gida?

Ba rashin makaranta ke korarsu ba. Jami'ar Ƙasa ta Taiwan da ke Taipei, wadda suke kira Taida a taƙaice, tun 1928 aka kafa ta, lokacin da Japan ke mulkin tsibirin. Akwai Tsing Hua da Yang Ming Chiao Tung a Hsinchu, akwai Cheng Kung a Tainan, dukkansu suna yaye injiniyoyin da kamfanoni ke rububinsu. Kuɗin makaranta ma da sauƙi: a yawancin sassan Taida ɗalibin digirin farko bai cika biyan abin da ya haura dalar Amurka 2,000 a shekara ba.

Abin da ke fitar da su ya kasu. Wani ɗakin bincike yake nema wanda babu irinsa a gida, ko wani farfesa da ya daɗe yana karanta aikinsa. Wani albashi yake hange, domin abin da injiniyan manhaja ke ɗauka a Kalifoniya ya ninka na Taipei sau da dama. Wani kuma, a gaskiya, mafita yake nema saboda kullum ana zaune ne cikin barazanar Beijing, mai iƙirarin cewa tsibirin na Sin ne, iyaye suna son a ce akwai ɗa ɗaya da ya kafa ƙafa a waje ko da wani abu zai faru. Wannan dalili na uku ba a rubuta shi a takardar neman gurbi, amma ana faɗarsa a teburin abinci.

Tun yaushe aka fara wannan al'ada?

Tun zamanin Japan masu hali suke tura 'ya'yansu Tokyo da Kyoto. Amma guguwar da ta fi ƙarfi ta taso ne bayan 1950, ta nufi Amurka. A shekarun 1960 da 1970 har wata magana ta zama kamar kirari a bakin ɗalibai: "Lai, lai, lai, lai Taida, qu, qu, qu, qu Meiguo." Ma'anarta, zo, zo, zo, zo Taida, tafi, tafi, tafi, tafi Amurka. Wato shiga babbar jami'ar ƙasa matakala ce kawai zuwa jirgi. A 1965 Amurka ta sauya dokar shige da fice ta buɗe ƙofa ga 'yan Asiya masu ilimi, sai mafi yawan waɗanda suka tafi suka yi zamansu. A 1971 gwamnatin Taipei ta rasa kujerarta a Majalisar Ɗinkin Duniya, a 1979 Amurka ta mayar da huldar jakadancinta zuwa Beijing. Duk lokacin da irin wannan ta faru, layin masu neman biza sai ya ƙara tsawo.

A tsakiyar shekarun 1980 babu ƙasar da ta kai Taiwan yawan ɗalibai a Amurka, sai a ƙarshen shekarun Sin ta wuce ta. Adadin ya kai ƙololuwa wajen 1993, da ɗalibai fiye da 37,000. Yanzu ya sauko, yana kai-kawo a sama da 20,000 kaɗan.

In kana son ka ga zurfin abin, dubi shugabannin ƙasar. Lee Teng-hui a Cornell ya yi digiri na uku kan tattalin arziƙin noma a 1968. Ma Ying-jeou ya yi digirin dakta a shari'a a Harvard. Tsai Ing-wen ta yi na biyu a Cornell, na uku a Makarantar Tattalin Arziƙi ta Landan a 1984. Lai Ching-te, wanda ya hau a 2024, likita ne da ya yi digiri na biyu kan lafiyar al'umma a Harvard. Tun da aka fara zaɓen shugaba kai tsaye a 1996, Chen Shui-bian ne kaɗai bai yi karatun waje ba.

Amurka ce kawai?

A'a, ko da yake har yanzu ita ce uwa ga mai neman digiri na uku a kimiyya da injiniya. Birtaniya tana jan masu neman digiri na biyu a kasuwanci, zane da harkar watsa labarai, saboda shekara guda ake gamawa. Japan tana kusa, jirgin awa uku zuwa Tokyo, kuma wanda ya iya rubutun Sinanci ya riga ya ci rabin wahalar karatun Japananci. Ostareliya da Kanada suna da nasu rabo. Jamus kuma ta masu lissafin aljihu ce: yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin makaranta, in ban da jihar Baden-Württemberg da ta sanya wa 'yan wajen Tarayyar Turai yuro 1,500 a kowane zango tun 2017, da 'yan wasu jami'o'i da suka bi sahu.

Shirin yakan ɗauki tsawon wane lokaci?

Shekara guda ga mai hanzari, shekara biyu ga mai hankali. Jami'o'in Amurka suna rufe karɓar takardu tsakanin Disamba da Janairu ga masu shiga a watan Agusta ko Satumba, saboda haka wanda zai kammala digirin farko a watan Yuni tun yana aji uku yake fara shiri. Akwai jarrabawar Turanci, TOEFL ko IELTS, wadda sakamakonta shekara biyu yake aiki. Akwai GRE, jarrabawar shiga karatun gaba da digirin farko, mai shekara biyar, ko da yake tun lokacin annobar korona sassa da yawa sun daina tilasta ta. Masu kasuwanci GMAT suke yi.

A kusa da babbar tashar jirgin ƙasa ta Taipei akwai wani titi mai suna Nanyang da ya yi suna da makarantun share fagen jarrabawa, waɗanda ake kira buxiban. Nan matasa ke cika da yamma bayan aji ko bayan aiki, suna haddar kalmomin Turanci da ko Baturen bai cika amfani da su ba. Ɗalibin Taiwan ya saba da jarrabawa tun yana firamare, don haka sashen lissafi na GRE ba ya ba shi tsoro. Inda ake gumi shi ne magana da rubutu. Yaro ya shekara goma yana karanta Turanci a takarda, bai taɓa musu da kowa da shi ba.

Sai wasiƙun shaida uku daga malamai, da takardar bayanin manufa. Wannan takarda ita ce ta fi ba su wuya, kuma ba don Turanci ba. An rene su a kan cewa yabon kai rashin kunya ne, sai ga shi ana so mutum ya cika shafi biyu yana faɗin abin da ya fi kowa iyawa. Bahaushe zai gane wannan damuwa ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Dole ne a bi ta hannun dillalai?

Ba dole ba ne. Kamfanonin da ke cike wa ɗalibai takardu, da ake kira daiban, suna da yawa a Taipei da Taichung da Kaohsiung, kuma suna da amfani ga mai aiki wanda ba shi da lokaci, musamman mai neman Birtaniya ko Ostareliya, inda sau da yawa jami'ar ce ke biyan dillalin ladarsa. Nan kuma matsalar take: wanda jami'a ke biya, jami'ar da ke biyansa zai nuna maka. Mai neman digiri na uku kuwa dillali ba shi da abin da zai yi masa, don farfesa yana gane wasiƙar da aka rubuta wa mutum ɗari. Abin da ya fi aiki shi ne tsofaffin ɗalibai na sashenku da suka riga ku tafiya, xuezhang idan namiji ne, xuejie idan mace ce. Su ne za su gaya maka wane malami ne ke da kuɗin bincike bana, wane ne kuma ɗalibansa ke shekara bakwai ba su gama ba.

Wa ke biyan kuɗin?

A nan dole a raba digiri na biyu da na uku, domin ba hanya ɗaya suke bi ba.

Digiri na uku a Amurka, musamman a kimiyya da injiniya, yawanci jami'ar ce ke ɗaukar nauyi. Ana yafe kuɗin makaranta, a ba ɗalibi alawus na wata-wata, shi kuma ya taya farfesa bincike ko koyarwa. Ba kuɗin tara dukiya ba ne, amma yana biyan haya da abinci. Jami'o'i da yawa sun amince da ranar 15 ga Afrilu a matsayin wa'adin da ɗalibi zai amsa tayin da ke ɗauke da tallafi, don haka watan Maris wata ne na rashin barci.

Digiri na biyu kuwa aljihun iyaye ne. A manyan jami'o'i masu zaman kansu na Amurka kuɗin makaranta kaɗai yakan haura dala 50,000 a shekara, ban da haya a birane irin su New York da Boston. Ka auna wannan da mafi ƙarancin albashi a Taiwan a 2025, dalar Taiwan 28,590 a wata, wato bai kai dalar Amurka 1,000 ba. Sai ka ga dalilin da ya sa wasu iyaye ke jinginar da gida, wasu matasa kuma ke yin shekara uku ko huɗu suna aiki a kamfanonin fasaha na Hsinchu suna tari kafin su tafi. Akwai rancen karatun waje da gwamnati ke tallafa wa ruwansa ga iyalan da samunsu bai kai wani mataki ba, amma bai isa ya rufe shekara biyu a Amurka ba.

Lissafin da mai digiri na biyu a kimiyyar kwamfuta yake yi a fili yake: in ya samu aiki a can, cikin 'yan shekaru ya mayar da kuɗin. In bai samu ba, ya dawo gida da bashi da albashin gida. Caca ce, kuma tun da manyan kamfanonin fasaha suka fara rage ma'aikata a ƙarshen 2022 ta ƙara tsauri.

Gwamnati ba ta da tallafi?

Tana da shi, kashi-kashi. Mafi tsufa kuma mafi daraja shi ne jarrabawar Ma'aikatar Ilimi ta tura ɗalibai waje da kuɗin gwamnati, gongfei liuxue. Ana rubutawa, a yi ganawar baki, a ɗauki 'yan kaɗan a kowane fanni. Sharaɗinta shi ne mutum ya dawo ya yi wa ƙasa aiki, in ya ƙi ya biya abin da aka kashe masa. Akwai wani tallafin na ma'aikatar ga waɗanda suka riga suka samu gurbi, wanda bai kai na farkon kauri ba. Hukumar Kimiyya da Fasaha ta Ƙasa kuma tana da shirin tura masu digiri na uku a gida su je waje su yi 'yan watanni suna bincike. Sunansa Qianlima, daga tsohon zancen Sinawa na dokin da ke cin dogon zango a yini ɗaya, wanda ba kowa ke gane shi ba sai gwanin dawaki.

Daga waje akwai Fulbright na Amurka, Chevening na Birtaniya da DAAD na Jamus. Na Japan yana da ɗan ban sha'awa: da yake babu huldar jakadanci, ɗan Taiwan ba ya neman tallafin gwamnatin Japan ta ofishin jakada kamar sauran mutane, sai ta wata ƙungiyar musaya tsakanin Japan da Taiwan da ke yin aikin jakadanci ba tare da sunan ba.

Ina batun aikin soja?

Wannan ita ce tambayar farko da ake yi wa kowane saurayi: ka yi soja? Aikin tilas ne ga maza, ban da mata. Waɗanda aka haifa daga 1994 zuwa 2004 horon wata huɗu ne a kansu. A ƙarshen Disamba 2022 Shugaba Tsai ta sanar da mayar da shi shekara guda ga waɗanda aka haifa daga 1 ga Janairu 2005, aka fara aiki da hakan a 2024.

Wanda bai yi ba yana iya fita karatu, amma sai da izini, kuma akwai iyakar shekarun da aka yarda ya kai yana waje, ta mai digiri na uku ta fi ta mai na biyu tsawo. Wanda ya wuce wa'adi bai dawo ba ya shiga hannun doka. Shi ya sa 'yan wata huɗu da yawa suka gwammace su gama da shi, wasu ma a hutun bazara biyu suna jami'a, su fita da wuyansu a sake. Ga 'yan shekara guda lissafin ya canza, domin yanzu sa'arsa mace za ta riga shi shiga aji da shekara ɗaya cur.

Yaya ake samun biza tunda yawancin ƙasashe ba su da ofishin jakadanci a Taipei?

Ofisoshin suna nan, suna ne kawai aka sauya. Na Amurka ana kiransa Cibiyar Amurka a Taiwan, AIT, an kafa ta a 1979 bisa dokar da majalisar Amurka ta yi kan hulda da tsibirin. Sabon gininta yana unguwar Neihu a Taipei. A takarda ba ofishin jakadanci ba ne, amma a nan ake ganawa, a nan ake buga biza. Birtaniya, Jamus da Japan duk haka suke yi da wasu sunaye.

Hanyar ɗaya ce da ta kowa: jami'a ta aiko da takardar I-20 mai shaida an ba ka gurbi, a biya dala 350 na rajistar ɗaliban waje ta SEVIS, a biya kuɗin biza, a je ganawa don bizar F-1. Tun Nuwamba 2012 mai fasfon Taiwan yana shiga Amurka yawon buɗe ido ba biza, amma wannan bai shafi karatun digiri ba. Masu zuwa Birtaniya a wasu fannonin kimiyya da injiniya sai sun nemi takardar tantancewa ta ATAS, wadda kan ci makonni, kuma ta sha sa mutum ya makara shiga aji.

Me ya sa suke ƙorafi kan cike fom?

Saboda wajen zaɓar ƙasa, shafukan jami'o'i da yawa suna nuna "Taiwan, lardin Sin". Sau da yawa ba jami'ar ce ta zauna ta yanke hakan ba, jerin sunayen ƙasashe na hukumar daidaita ma'auni ta duniya aka kwafo, shi kuma haka ya rubuta. Ƙungiyoyin ɗalibai sukan rubuta wa hukumar makaranta a gyara, wani lokaci a gyara, wani lokaci a yi shiru.

Sunan ƙasar a hukumance Jamhuriyar Sin, shi ke kan fasfo, kuma ya sha rikita jami'an filin jirgi. A 2003 aka ƙara kalmar Taiwan a bangon, a Janairu 2021 aka ƙara mata girma aka ƙanƙanta ɗaya sunan na Turanci. Ko kamfanin jirgin China Airlines, da mutane ke ɗauka na Beijing ne, na Taiwan ne.

Akwai kuma ƙananan abubuwa masu cin rai. Takardun gwamnati suna ƙirga shekara daga 1912, don haka 2024 ita ce shekara ta 113, sai an nemi kwafin Turanci. Taida tana auna sakamako a kan maki 4.3, Amurkawa kuma 4.0 suka sani. Sunan mutum dole ya zo iri ɗaya a fasfo da sakamakon jarrabawa da takardar digiri, har da ɗan layin da ke tsakanin gaɓoɓin suna.

Idan na haɗu da ɗan Taiwan a aji, laifi ne in ce masa ɗan Sin?

Ka tambaye shi daga ina yake, ka riƙe abin da ya ce. Mafi yawan matasa za su ce maka su 'yan Taiwan ne, a tsaya nan. Harshen Mandarin ɗaya ne da na Beijing, suna fahimtar juna sarai, suna zama abokai, suna cin abinci tare. Amma 'yan Taiwan da tsohon rubutu mai yawan zane suke amfani, ba wanda aka sauƙaƙa a Sin ba, kuma ƙungiyarsu ta ɗalibai daban take. Sau da yawa ko daga suna za ka gane: Chang, Hsieh, Hsu da Tsai rubutun Taiwan ne, inda ɗan Sin zai rubuta Zhang, Xie, Xu da Cai. Abin da bai kamata ba shi ne ka tayar da zancen a gaban ɓangarorin biyu don ka ga yadda za ta kaya. Sun daɗe da koyon yadda za su zauna ɗakin bincike ɗaya ba tare da taɓa wannan gyambo ba.

Gaskiya ne a da ana leƙen asirin ɗalibai a waje?

Gaskiya ne. Daga 1949 zuwa 1987 tsibirin yana ƙarƙashin dokar soja ta jam'iyyar Kuomintang. A jami'o'in Amurka akwai waɗanda ake kira "ɗaliban sana'a", masu rubuta rahoto kan wanda ya halarci taro ko ya soki gwamnati. Wanda sunansa ya shiga baƙin littafi ba ya samun izinin komawa gida, wasu iyayensu suka rasu ba su ga gawa ba.

Labarin da ya fi girgiza mutane shi ne na Chen Wen-chen, masanin lissafi da ya yi digiri na uku a Michigan yana koyarwa a Carnegie Mellon. Ya kai iyalinsa ziyara gida a 1981, jami'an tsaro suka ɗauke shi don tambayoyi, washegari aka tsinci gawarsa a harabar Taida. Lamarin ya kai har zauren majalisar Amurka. Sai bayan gyaran dokar cin amanar ƙasa a 1992 ne baƙin littafin ya mutu, 'yan gudun hijira suka fara dawowa. Yau akwai dandalin tunawa da shi a wurin da aka tsince shi.

Me ke fi ba su wuya idan sun isa?

Aji. A gida malami ke magana ɗalibi ya rubuta, a can kuma ana ba da maki kan yawan tsoma baki. Ɗalibin da ya fi kowa fahimtar darasi sai ya yi shiru yana gyara jimlarsa a zuci, kafin ya gama an wuce wurin. Kiran farfesa da sunansa na yanka ma sai an yi watanni baki bai saba ba.

Sai abinci. Wanda ya taso inda kasuwar dare ke kowace unguwa, kantin sa'a 24 ke kowace kusurwa, ya tsinci kansa a ƙaramin garin jami'a a Indiana ko Illinois inda komai ke rufewa da wuri, kuma ba mota ba fita. Shi ya sa tukunyar lantarki ta Tatung ta zama kamar shaidar ɗalibin Taiwan. Tun 1960 ake ƙera ta, maɓalli ɗaya gare ta, tana dafa shinkafa, ta yi farfesu, ta turara kifi. Uwa ce ke cusa ta a akwati. Mai zuwa Amurka da ta gida yake tafiya tunda ƙarfin wutar kusan ɗaya ne, mai zuwa Turai sai ya nemi mai ɗaukar 220. In ya gama karatu ya bar wa na baya, tukunya ɗaya ta yi zamani uku a gari ɗaya.

Sanyi ma ba wasa ba ne ga wanda bai taɓa ganin ƙanƙara ba sai a kan dutse. Kiran gida kuwa sai an daidaita: tsakanin Taipei da New York awa 12 ne da bazara, 13 da hunturu.

Inshorar lafiyarsu ta gida tana bin su?

Tsarin inshorar lafiya na ƙasa, wanda aka fara a 1995, yana da arha da sauri har ɗalibai kan jure ciwon haƙori su jira hutu su gyara a gida. A da wanda zai daɗe a waje yana iya dakatar da biyan kuɗinsa, ya farfaɗo da shi in ya dawo. Kotun tsarin mulki ta ce wannan tsarin dakatarwa ba shi da madogara a doka, aka soke shi a Disamba 2024. Yanzu muddin rajistar gidanka, wato sunanka a kundin mazauna ƙasar, tana nan, biya za ka ci gaba da yi. Wanda kuma ya shekara biyu bai shiga ƙasar da fasfonsa na Taiwan ba, ana cire shi daga rajistar. A can kuma dole ya sayi inshorar jami'a, ya koyi cewa a Amurka ba a kiran motar asibiti don zazzaɓi.

Bayan kammalawa, ana iya zama a yi aiki?

A Amurka akwai izinin aiki na wata 12 bayan digiri, masu kimiyya, fasaha, injiniya da lissafi a ƙara musu wata 24. Daga nan sai bizar aiki ta H-1B, mai gurabe 85,000 a shekara, 20,000 daga ciki na masu babban digiri daga jami'o'in Amurka, kuma masu nema sun ninka guraben. A wajen katin zama na dindindin ɗan Taiwan yana da sa'a guda: ana ƙirga shi daban da haifaffen Sin, don haka ba ya shiga dogon layin da 'yan Sin da Indiya ke shekaru a ciki. Birtaniya ta dawo da izinin zama bayan karatu a 2021. Dokokin nan suna juyawa da juyin siyasa, wanda ya shiga da wata doka yana iya fita da wata.

To, suna komawa gida kuwa?

A nan labarin Taiwan ya bambanta da na ƙasashe da yawa da ke kukan ƙwararrunsu sun gudu. An yi shekara ashirin ana kuka iri ɗaya a Taipei. Maimakon a tsaya zagin waɗanda suka tafi, sai aka gina musu abin da za su dawo su tarar. A 1973 aka kafa cibiyar binciken fasahar masana'antu, ITRI. A Disamba 1980 aka buɗe dandalin masana'antun kimiyya na Hsinchu, dab da jami'o'i biyu, daga baya aka ƙara makaranta mai koyarwa da harshe biyu saboda 'ya'yan da aka haifa a Amurka. A 1985 aka gayyato Morris Chang, wanda ya yi MIT da Stanford ya shekara 25 a Texas Instruments, ya shugabanci ITRI. Shi ba haifaffen tsibirin ba ne, a Ningbo aka haife shi. A 1987 ya kafa TSMC, kamfanin da yau ke ƙera mafi yawan ƙwayoyin cip mafiya ƙwarewa da ke cikin wayoyi da kwamfutocin duniya. Lee Yuan-tseh, ɗan Hsinchu da ya yi digiri na uku a Berkeley ya ci kyautar Nobel a kimiyyar sinadarai a 1986, ya ajiye takardar zama ɗan Amurka ya dawo a 1994 ya shugabanci Academia Sinica, babbar cibiyar bincike ta ƙasar. Injiniyoyin da suka yi shekara goma ko sha biyar a Silicon Valley suka riƙa dawowa da ƙwarewa da abokan hulda. A ganina da sun dawo washegarin bikin yaye su, da ba su kawo rabin abin da suka kawo ba.

Yau abin ya zama kai-da-kawo. Ga injiniyan cip, aikin Hsinchu yana biya har wasu ba sa ganin dalilin fita, malamai ma suna kukan ɗalibai sun daina sha'awar digiri na uku. TSMC kuma yana da masana'anta a Phoenix ta jihar Arizona, ya buɗe wata a Kumamoto ta Japan a Fabrairu 2024, ana gina wata a Dresden ta Jamus, sai ga ɗalibi yana aiki da kamfanin gida ba tare da ya koma gida ba. Wanda ya karanta tarihi ko adabi kuwa labarinsa daban. Haihuwa ta ragu ƙwarai, ƙananan jami'o'i suna rufewa, har an samu laƙabin "daktoci masu yawo" ga masu bin jami'a-jami'a suna koyar da darasi ɗai-ɗai ba kujera. Gwamnati ta ƙirƙiro shirin Yushan a 2018, mai sunan dutse mafi tsawo a tsibirin, don ƙara wa fitattun malamai albashi su dawo, amma na 'yan kaɗan ne.

In mutum ya dawo, ana karɓar takardarsa kai tsaye?

Kamfani mai zaman kansa bai cika damuwa ba. Aikin gwamnati ko koyarwa a jami'a kuwa sai jami'ar tana cikin waɗanda Ma'aikatar Ilimi ta amince da su, sai kuma ofishin wakilcin Taiwan na yankin da aka yi karatun ya buga hatimi a kan takardar. Ana duba tarihin shiga da fita don a tabbatar mutum ya zauna a can: aƙalla wata 8 ga digiri na biyu, wata 16 ga na uku. Gara a yi hatimin kafin a haɗa kaya. Wanda ya karɓi fasfon wata ƙasa ba ya rasa na Taiwan, sai dai yawancin muƙaman gwamnati sun haramta gare shi har sai ya ajiye ɗayan.

Suna iya zaɓe daga waje?

Ba sa iyawa. Taiwan ba ta da ƙuri'ar gidan waya, ba a kuma zaɓe a ofisoshinta na waje. Dole mutum ya je rumfar unguwar da rajistar gidansa take. Zaɓen shugaban ƙasa a watan Janairu yake faɗowa, na baya an yi shi ranar 13 ga Janairu 2024, daidai lokacin da jami'o'in Amurka ke komawa daga hutun hunturu. Duk da haka kowane zagaye akwai ɗaliban da ke tara alawus, su yi awa 13 ko fiye a jirgi daga gaɓar yammacin Amurka, su dangwala hatimi a takarda ranar Asabar, su ci abincin gida sau biyu, su kama hanyar filin jirgin Taoyuan don ajin ranar Talata.